Goron Suna a Ɗakin Kyalla

Goro ba ya son zafi, wannan ko yaro a Damagaram ya sani. Shi ya sa da Zabeirou ya koma wurin aiki bayan sallar Juma'a, da ƙunshin goro da jakar dabino a kujerar baya, bai yarda ya bar su a mota ba. Watan Yuli ne, rana ta buɗe sosai, sitiyari ma sai da tsumma ake kama shi. Gobe sunan 'yarsa ta fari, bayan shekarun da shi da matarsa Fourera suka yi suna nema, kuma goron nan da ƙyar Alhaji Iliyasu mai shago ya samo masa shi daga New York, fari da ja, ɗanye sharaf, babu ko tabo. A bar shi ya yanƙwane kafin gobe? Haba! Ai sai 'yan Nijar ɗin Greensboro su shekara suna zancen.

Sai ya jiƙa tsumman buhu, ya yayyafa wa goron ruwa yadda ya ga kakarsa tana yi, ya nannaɗe, ya shiga neman wuri mai sanyi. Wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan Madam Tolbert kuwa shi ne ɗakin haihuwar karnuka, inda na'ura take hura iska ba dare ba rana. Ya tura ƙunshin can ƙarƙashin teburin wanka, ya jingina jakar dabino a jikinsa, ya ɗauko bokiti ya tare. Kyalla tana kwance a akwatinta da tulelen ciki. Ta buɗe ido ɗaya ta dube shi, ta mayar ta rufe.

Madam Tolbert tsohuwar Baturiya ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ta ƙarar da rayuwarta a Pleasant Garden tana kiwon karnuka iri ɗaya tak, waɗanda take kira wire fox terrier. Zabeirou dai masu gemu yake ce musu. Ƙananan karnuka ne farare masu dabbare-dabbaren baƙi da ja, doguwar fuska, gashi mai kaushi kamar soson ƙarfe, ga gemu ƙato a haɓa sai ka ce liman. Ba sa jin magana, ba sa gajiya, ba sa ganin rami su wuce. Lokacin da kamfanin kujerun da yake wa aiki ya rufe, wani ya yi masa hanyar wurin, kuma ranar farko da suka yo kansa da haushi, a kan shinge Madam ta same shi yana salati. Amma mutum da sabo! Yau shi ne mai gyara musu gashi kafin gasa. Ba a sa musu injin aski, gashin zai yi laushi, launin ya koɗe, alƙalan gasa su kau da kai. Zama ake yi a bi mataccen gashi ana tsigewa da yatsa da 'yar wuƙa marar kaifi, yau kaɗan gobe kaɗan, har wata da watanni.

Kyalla kuwa a hannunsa aka haife ta. Ita ce 'yar mitsitsiyar da uwar ta ture gefe, shi ya raine ta da kwalbar madara a cikin hularsa. Madam ta sa mata suna Clementine, shi ya ga farin goshinta ya ce Kyalla, kuma wallahi nasa sunan ta fi amsawa. Ta girma ta ciyo gasa har a jihohi uku. Yanzu cikin nan nata na Major ne, babban karen gidan, wanda ya mutu ba da daɗewa ba bayan an haɗa su. Tun daga ranar Madam ba ta da zance sai 'ya'yan Major. Ta sayo musu barguna, ta zaɓa musu sunaye, tana shan kofi tana zancensu. Da za ta tafi gasa can Ohio da sauran karnukan, sai da ta riƙe hannunsa a bakin mota.

"Zabi, saura 'yan kwanaki ta haihu. Na faɗa wa likita duk abin da ka ce, ni na ce. Ka kula mini."

Ya ce, "In sha Allah, Madam."

To, mutumin da ya yi shekaru da waɗannan shaiɗanun, wai shi ne ya tare musu hanya da bokiti! Ya tafi bayan gida yana wanke ɗakunan karnuka da mesa, yana 'yar waƙarsa, yana tunanin ragon gobe. Da ya dawo ya buɗe ƙofa, bokiti yana can kusurwa a kife. Jakar dabino ta zama tsumma. Buhun an tone shi kamar ramin ɓera, goro ya watse ko'ina, wani an gutsura an yar, wani babu shi babu alamarsa. Zaƙin dabino ne ya ja ta, da ta gama da shi ta faɗa wa goro, don masu gemu in sun fara tauna abu ba ruwansu da ɗaci. Tana zaune a tsakiyar ɓarnar, gemunta ya rine jawur, tana kaɗa masa guntun jela.

"Kyalla! Ke wace irin 'yar banza ce? Goron 'yata?"

Ya yi faɗa, ya yi tsaki, daga baya ma dariya ta kama shi, don ta yi kama da tsohuwar da ta kwana a gidan biki. Ya tsince na tsincewa, ya wanke, ya ɗora a kan kabad. Ko kusa bai kawo komai a ransa ba. Goro fa! Shi da kansa yana cin biyu uku a wuni, tsohonsa ya kai tamanin da goro a kunci. Wa ya taɓa jin goro ya yi wa mai rai illa? Ya dungure mata kai, ya koma bakin aikinsa.

La'asar ta kusa lokacin da ya ji haushin. Ba irin haushinta ba ne, wani siriri ne mai karkarwa, ba tsayawa. Ya shiga ya tarar tana zagaye ɗakin, ta je bango ta dawo, ta je ta dawo, harshe a waje, ido ya firfito. Ta yi amai a wuri biyu, ja da ɓarɓashin goro. Ya ce ko naƙuda ce? Ya durƙusa ya kama ta, ya sa tafin hannu a ƙirjinta, nan take gabansa ya faɗi. Zuciyar ba bugawa take ba, rawa take, ba ka iya raba bugu ɗaya da na biye. Duk jikinta kyarma yake, ga zafi kamar an ciro ta daga tanda.

"Innalillahi. Kyalla, mene ne? Tsaya mana, tsaya."

A gida, in akuya ta ci mugun abu, madara ake ɗura mata. Ya ruga ya buɗe firji, ya zubo a kwano, ta ƙi ko kallo. Ya buɗe bakinta ya ɗura da cokali, ta dawo da ita a kan wandonsa. Ya sake. Ya kira Madam, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba, ya san tana filin gasa, kuma in tana fili wayarta a jaka take. Ya sake ɗura madarar, rabi a bakinta rabi a ƙasa. Sai ƙafafunta na baya suka sandare, ta faɗi gefe ɗaya, ta fara shure-shure, kumfa tana fita ta gefen gemu. A nan ne ya yar da cokalin.

Bai san yadda ya kai ta mota ba. Ya naɗe ta a tawul ya ɗora a cinya, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a ƙirjinta, ya fita daga layin da gudun da bai taɓa yi a ƙasar nan ba. Shi da in ya hango motar 'yan sanda daga nesa yake rage gudu har na baya su yi masa hon, yau ga shi yana wuce manyan motoci. Tsoro biyu suka haɗu masa, na a tsayar da shi da na ta cika a cinyarsa, na biyun ya danne na farko. Hanyar Pleasant Garden zuwa gari, da kullum yake ganin kusa ce, ta miƙe ta ƙi ƙarewa: filayen ciyawa, coci, gidan mai, wani cocin. Ya ji bakinsa yana addu'a. Wani sashe na zuciyarsa ya ce, ana yi wa kare addu'a kuwa? Ya ce oho, wanda ya halicce ta ai ya san ta, ya ci gaba. A wata danja ta sake sandarewa, kanta ya bugi ƙofa, ya duba hagu da dama ya wuce jan wuta.

A asibitin dabbobi akwai Choji, mutumin Jos, mai taimaka wa likita. Kullum in Zabeirou ya kawo karnuka allura sai sun yi barkwanci, Choji yana kwaikwayon Hausar Damagaram shi kuma yana kwaikwayon ta Jos. Yau da ya ga yadda ya banko ƙofa, Choji bai ko gaishe shi ba, ya karɓe tawul ɗin ya yi ciki da gudu. Zabeirou ya bi su. Likitar, wata doguwar mace mai furfura, ta sa abin awo a ƙirjin Kyalla, fuskarta ta canza.

"Me ta ci?"

Ya laluba aljihu ya fito da goro ɗaya ja, ya miƙa. Likitar ta jujjuya shi, ba ta san ko mene ne ba. Choji ya leƙo, ya dafe kai.

"Goro? Malam Zabeirou, goro ta ci? Da yawa?"

"Ban sani ba. Da yawa. Amma goro ne fa kawai, Choji."

"Abin da yake hana ka barci in ka ci shi, shi ne a cikin kofi. Kai ƙato ne, jikinka ya saba. Ita duka nawa take? Guba ce a wurinta." Ya juya ya yi wa likita bayani da Turanci, da sauri. Ta tambaya tun yaushe. Zabeirou ya ce tun bayan azahar. Ya ce ya gani da idonsa, ya yi dariya ya koma aiki. Ba wanda ya ɗora masa laifi. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Choji ya jawo injin aski ya kunna, ya kama ƙafarta ta gaba. Zabeirou bai san sanda ya riƙe masa hannu ba.

"Ba a sa mata inji!"

"Malam, jijiya muke nema. Sake ni."

Ya sake shi. Yana kallo gashin da ya yi watanni yana bi da yatsa ya zube a tebur cikin ƙiftawar ido, aka soka allura, aka rataya ledar ruwa. Daga nan suka ce ya jira a waje.

Ɗakin jiran akwai sanyi, akwai wata mata da kyanwa a kwando, tana ta satar kallon wandonsa da ya ɓaci da amai da madara. Ya zauna ya tashi, ya zauna ya tashi. Duk ƙofar da ta motsa sai ya waiga. Ya kira Madam, shiru. Ya bar mata saƙo, shi kansa bai gane abin da ya faɗa ba. Sai wayar ta yi ƙara a hannunsa, ya zabura, ashe Fourera ce. Bayanta hayaniyar mata, ƙarar tukwane, da kukan jaririya.

"Malam, kana ina? Su Hajiya sun zo tun ɗazu, goro kawai ake jira a ƙulla."

"Ina zuwa."

"Lafiya? Muryarka fa."

"Kyalla ce ba lafiya. Ina asibiti."

Fourera ba ta son karnuka, ba ta taɓa ɓoyewa ba, amma ta san wannan sunan, ta sha jin sa a bakinsa a kan abinci. Ta rage murya ta ce, "Allah ya ba ta lafiya. Zan ce musu aiki ya riƙe ka."

Can likitar ta fito, Choji yana biye da ita. Ba ta zauna ba. Ta yi magana a hankali, inda ya kakare Choji ya mayar masa da Hausa. Sun ba Kyalla magani, zuciyar ta ɗan lafa, ta sake tashi. 'Ya'yan suna raye yanzu, an ga motsinsu a na'ura, amma abin da yake jininta yana isa gare su, ba za su daɗe ba. In aka yi mata aiki yanzu, ana iya samun wasu da rai, don cikin ya kusa isa. Sai dai da wuya zuciyarta ta ɗauki maganin barci. In kuma aka bar ta aka ci gaba da magani, tana iya tashi, tana iya ƙin tashi, amma 'ya'yan a cire rai da su.

"Misis Tolbert ta ce maganarka tata ce," in ji likitar. "Ba mu da lokaci."

Ya sake danna lambar Madam, ya manna wayar a kunne har ta katse da kanta. Ya dubi Choji.

"Ɗan'uwa, kai me ka gani?"

"Ba ni aka bar wa amana ba, Malam. In na zaɓa maka na cuce ka."

Satin da ya wuce, da naƙudar Fourera ta yi tsawo, haka ya tsaya a wani dogon baranda yana tsoron likita ya fito ya yi masa irin wannan tambayar. Ya shirya amsarsa tun a ranar: a bar mini uwar. Allah ya rufa asiri ba a tambaye shi ba. Yanzu amsar nan ce ta taso masa har bakin leɓe. Yana son Kyalla, yau ya yarda, yana son ta son da bai taɓa faɗa wa kowa ba don kunya. Amma tasa ce? Ya tuno bargunan da aka jera a kabad, ya tuno tsohuwar tana shafa cikin tana kiran sunan Major, wanda ba za a sake samun jininsa ba har abada. Ya riga ya yi mata ɓarna ɗaya da gangancinsa. Ya ƙara mata ta biyu da son zuciyarsa? Ya ce a ransa, wannan ba riƙon amana ba ne, sata ce.

"A ciro 'ya'yan," ya ce. Muryar kamar ba tasa ba.

Ya roƙa a bar shi ya gan ta tukuna. Tana kwance a tebur, an rufa mata tawul, jikin yana ta ƙananan kyarma. Ya sunkuya ya kira ta da sunan da ya sa mata. Idon ya juyo ya same shi, guntun jelar ya motsa sau ɗaya. Ya sa hannu a jan gemun, ta fito da harshe ta lashi yatsunsa, shi da kullum yake janye hannu saboda alwala, yau bai janye ba. Ya ce, "Ki yafe mini." Choji ya dafa kafaɗarsa ya fitar da shi.

Wannan jiran bai yi tsawon na farko ba. Da Choji ya fito, fuskarsa ta riga bakinsa. Yana ɗauke da kwali, a ciki an shimfiɗa tawul a kan robar ruwan ɗumi, ga 'yan kwikwiyo uku makafi, kowanne bai fi tafin hannu ba, suna motsi a hankali.

"Biyu ba su zo da rai ba," ya ce. "Ita kuma ba ta farka ba, Malam. Mun yi iya yinmu." Ya miƙa masa 'yar kwalba da gwangwanin madara. "Kada su yi sanyi. Kuma a riƙa ba su a kai a kai, har cikin dare. Ka iya ai."

Ya iya. Ya karɓa, ya yi godiya, har da ce wa matar mai kyanwa sai an jima. Ya fita ya zauna a mota, kwalin a cinyarsa, ƙofa a buɗe. Rana ta yi sanyi, inuwar bishiyoyi ta rufe rabin filin. Bai yi kuka ba. Yana ta gaya wa kansa cewa aƙalla ya yi abin da ya kamata, aƙalla akwai abin da zai miƙa wa tsohuwar gobe.

Wayar ta yi ƙara. Madam ce, muryarta cike da murna, bayanta haushin karnuka da lasifika.

"Zabi! Karenmu ya zo na ɗaya! Da ka ga gashinsa a fili, aikinka ne. Yanzu na ga kiranka rututu. Ba dai ta haihu ba?"

Ya faɗa mata. Bai rage komai ba, goron, bokitin, dariyar, madarar. Ya faɗi abin da likita ta ce, ya ce uku suna nan a cinyarsa, maza biyu da mace. Can nesa bayanta karnukan suna ta haushi.

"Wa ya ce a yi aikin?"

"Ni ne, Madam. Na san yadda kike son 'ya'yan Major."

Ya ji ta ja numfashi, ya ji kamar ta nemi wuri ta zauna. Da ta yi magana babu faɗa a muryar ko kaɗan, muryar tsohuwa ce kawai da ta gaji.

"Wayyo, Zabi. Zancen 'ya'yan da nake ta yi, tsoron haihuwar nake ji, ba na son in faɗa. Ita ce take kwana a ƙafafuna tun da mijina ya tafi. Da ka same ni, cewa zan yi a bar mini Clementine."

Ya ce, "To, Madam." Ta ce za ta kamo hanya da asuba, ya sake cewa to, ta kashe.

Ɗaya daga cikin 'yan kwikwiyon ya fara wani siririn kuka, yana lalube da baki a jikin tawul. Zabeirou ya buɗe gwangwanin, ya zuba a kwalba, ya ɗiga a bayan hannu ya ji ɗumin. Ya ɗauko shi a tafi, ya kai masa kan kwalbar, amma ruwa ya cika masa ido, ya yi ta nema ya kasa samun bakin.